Kwanon Baba a Teburin Malam Bawa

Ranar wata Laraba ce cikin watan Oktoba, shekarar da nake aji shida na firamare. Ruwa ya ɗauke, dawa ta fara sunkuyar da kai a gonakin bayan Rikoto, unguwarmu a Zuru. Na tashi da wuri na share tsakar gida, na cika randa, na sa rigar makaranta, sannan na shiga ɗakin Mama in ɗauko kwanon Baba daga kan ɗan bencin da yake kwana kullum. Farin kwano ne mai murfi, da zanen jan fure a gefe, fentin bakinsa ya ɗan ɓare. Na sa hannu biyu na yunƙura kamar yadda na saba, don tuwon dawa in ya kwana nauyi gare shi, sai kwanon ya taso sakayau har murfin ya kusa dukan haɓata. Na tsaya riƙe da shi. Mama tana waje a durƙushe tana hura wuta, ta ba ni baya, kuma na san ta ji shigata. Ban buɗe ba, ban tambaye ta ba. Na ɗaure kwanon cikin tsohon ɗankwalinta, na rungume shi, na fita ko karyawa ban yi ba.

Baba soja ne, kofur. A Rikoto wannan ba abin tinƙaho ba ne, don da wuya ka shiga gida ba ka tarar da hoton wani cikin kaki a bango ba. Ina aji huɗu aka kwashe su zuwa wata ƙasa ta bakin teku inda ake yaƙi, wai su je rabon faɗa. Abin da na riƙe na tafiyarsa shi ne ya ɗaga ni sama ya ce na yi nauyi, ya kuma ja wa Mama kunne kada a bar akuya ta cinye ɗan mangwaron da ya dasa a bayan rumbu. Da farko saƙonsa yana zuwa ta hannun masu dawowa hutu, gaisuwa da sabulu, wani lokaci har da takalmin roba. Daga baya saƙo ya yanke. Da Mama ta gaji da zuba ido ta je bariki, aka ce mata ba a gan shi cikin waɗanda suka dawo ba, ba a kuma gan shi cikin waɗanda aka binne ba. Iyakar abin da aka sani ke nan. Sai muka zama gidan da mutane ba su san gaisuwar da za su yi masa ba. Ba sa iya cewa ina labarin maigida, ba sa iya cewa ya haƙuri, sai su tambayi lafiyar awaki su wuce.

A gidanmu, tun zamanin Kaka, wato mahaifiyar Baba, ba a kwashe tuwo a tsallake kwanon wanda ya yi tafiya. Ko kasuwar Danko mutum ya je dare ya kama shi, sai an zuba masa nasa an rufe, don kada ya dawo ya tarar an cire shi daga cikin mutanen gida. Mama ta riƙe wannan al'ada da hannu biyu. Kullum da yamma kwanon Baba ne farko, malmala biyu, miya a gefe, ta rufe ta kai ɗaki. Da safe aikina ne in ɗauko a yi ɗumame, ni da ƙanwata Saratu mu cinye kafin makaranta. In faɗi gaskiya mu yara daɗin abin muke ji, don a nasa kwanon ne Mama take sakin hannu da mai da ɗan kifi. Kawunnaina na Manga, garin su Mama, sun zo sun ce ta tattara mu ta koma gida, ta ƙi. Baba golmo ya yi mata, wato ya yi shekaru shi da abokansa suna nome gonar mahaifinta kafin a ba shi ita, kamar yadda samarin ƙasarmu suke yi. Amsar da ta ba su tana kunnena har yau: "Mutumin da ya yi damina bayan damina a gonarku yana jirana, ni ce zan gaji da zuba mai tuwo?"

Haka muka ci gaba, kuma kada wani ya zaci zaman kuka muke yi. Aiki bai bar mu ba. Da damina, in mun taso daga makaranta sai mu cire riga mu bi Mama gona a gindin dutse, mu yi cirar ciyawa a tsakanin kunyoyin da matan zumuntar cocinmu suka taya ta huɗawa. Idan dawa ta fara ido, ni ake ɗora wa a kan wani faffaɗan dutse da tsohon gwangwani, in yi ta bugu ina korar tsuntsaye, birai kuwa su zauna can sama suna kallona, sun san ba abin da zan iya yi musu. Lokacin kaɗanya mu fita tun raɓa ba ta bushe ba, mu tsinto, mu sha, mu tara ƙwallon Kaka ta yi mai. Ga surfe, ga niƙa, ga itace, ga ruwan rafi da tulun da ya fi wuyana ƙarfi. Duk da haka muna samun sararin carafke da 'yar gala-gala a ƙofar gida, muna yin 'yan tsana da ɓawon kara, muna hawan mangwaron maƙwabta a kore mu da zagi. Ni ce nake ba ɗan mangwaron Baba ruwa, na kewaye shi da ƙaya, har ya wuce tsawona. Sai dai wani abu ya daskare a gidan wanda ban san sunansa ba a lokacin. Mama ta daina waƙa in tana daka, ta kuma daina faɗa, ko tulu na fasa sai ta dube ni kawai ta ce in kwashe.

A makaranta, Malam Bawa ne yake koya mana Turanci. Mutumin Danko ne, dogo siriri, da kekensa marar birki wanda yake tsayar da shi da dugadugansa, shi ya sa takalminsa na dama kullum a cinye yake. Ajinmu rabin rufinsa iska ta ɗauke, allon kuwa mu ne muke baƙanta shi da gawayi da cikin tsohon batir, ƙararrawarmu wilin mota ne a rataye a jikin dalbejiya. Malam Bawa ba ya duka sosai, amma akwai abin da ya tsana, shi ne yaro ya buɗe baki ya faɗi abu da ƙarfi alhali bai sani ba. Da muka kai ga kalmomin da Turawa suke yin hasashe da su, sai ya ƙi bin littafi. Ya ce kowace Laraba ɗayanmu zai zo da kwano a rufe daga gida, da wani abu a ciki, a ajiye a teburinsa. Ba mai taɓawa sai shi. Zai ɗaga, ya girgiza kusa da kunnuwanmu, ya bar 'yan gaba su sansana, sannan kowa ya faɗi abin da yake zato da Turanci. A ƙarshe mai kwano ya buɗe, wanda ya dace ya samu rabo.

Ya zana tsani a gefen allo, ya hana a goge. A matakin sama ya rubuta must, ya ce wannan na wanda ya ga alama ƙarara ne har zai iya cewa lalle abu kaza ne. A tsakiya ya sa may da might, na mai cewa mai yiwuwa, wataƙila, ba mamaki. Can ƙasa ya sa can't, na wanda ya tabbata ba zai yiwu ba. Duk wanda ya hau sama ko ya diro ƙasa sai ya kare kansa, Malam zai tsare shi da ido ya ce, "Mi ka gani? Mi ka ji?" In ba ka da amsa, ya ce koma tsakiya ka tsaya. Mun sha dariya a wasan nan. Ɗanladi, sarkin surutun ajinmu, ya taɓa rantsuwa cewa gyaɗa ce, aka buɗe sai ga kwaɗo ya yi tsalle ya faɗa cinyar 'yan gaba. Hadiza ƙawata, 'yar wani mai sayar da atamfa a kasuwa, ta kawo daddawa, tun daga ƙofa kowa ya haye matakin sama ba tare da an girgiza ba. Wata rana Malam yana nuna tsanin da sanda ya ce mana sama da ƙasa duka wurin hutawa ne, tsakiya ce take cin ƙafa. Sauran yara suka rubuta a littafi don sun zaci zai fito a jarrabawa.

Ni ban rubuta ba, don na riga na san wurin. Tun da aka zana tsanin nan na fara jin maganar manya a gidanmu da wani kunne. A shekarar farko kowa a sama yake: lalle yana nan, lalle an tura su daji ne inda ba hanya. Fasto ya ce lalle, matan zumunta suka ce lalle. Sannu a hankali, ba wanda ya yi shawara da wani, aka sauko. Mai yiwuwa an kama shi. Wataƙila yana asibiti bai san kansa ba. Ba mamaki ya bi wata hanya ya ɓulla wata ƙasa, ai an taɓa yi. Kaka ba ta jin Hausa sosai, da harshenmu na C'lela take magana, ita ba ta ce lalle ba, ba ta ce wataƙila ba, sai dai in ta ga Mama ta ɗauki kwanon ta kau da kai. Nakan kwanta in tambayi kaina irin tambayar Malam, me na gani, me na ji. Ban ga komai ba, ban ji komai ba. Alama ɗaya ce tak a hannuna, nauyin kwanon nan kowace safiya. Muddin Mama tana zubawa, to akwai abin da ta sani wanda ni ban sani ba. Shi ya sa da layi ya kusa zuwa kaina na roƙe ta in kai kwanon Baba da tuwonsa, in ci a lokacin tara. Ta ce to.

Ranar Talata da la'asar, jajibirin ranar tawa, wani mutum ya yi sallama a gidanmu. Yana ɗingishi, da tabo a gefen wuya, ya ce rukuninsu ɗaya da Baba, bai daɗe da fitowa daga asibiti ba. Ba shi ne na farko da ya zo da irin wannan magana ba, don haka ban damu ba. Mama ta shimfiɗa masa tabarma a gindin rumbu, Kaka ta jawo kujerarta, sai aka ce ni da Saratu mu tafi rafi, alhali randa a cike take. Da muka dawo ya tafi. Ruwan da aka kawo masa yana nan bai sha ba. Mama tana tuƙa tuwo kamar kullum, Kaka tana ɓarar gyaɗa, ba mai hawaye. Muka ci abinci, muka wanke hannu. Ban lura da kwanon da aka fara zubawa ba, yunwa nake ji, kuma hankalina yana kan Turancin da zan yi gobe.

To ga ni a hanya da kwano marar nauyi. Daga gidanmu zuwa makaranta akan bi ta bayan coci, a ratsa gonar rake, a tsallake wani ɗan kwari. Sau da yawa a hanyar nan na sa yatsa a kan ƙullin ɗankwalin, ina janyewa. Ba wawuya ba ce ni, hannuna ya riga ya gaya mini. Amma sai na shiga yi wa kaina irin na manya. Wataƙila malmala ɗaya ta zuba don gari ya yi ƙasa. Wataƙila ta tashi da asuba ta juye a tukunya. Mai yiwuwa dambu ne, dambu ba shi da nauyi. Na san in na ɗaga murfin nan ba sauran wataƙila, shi ya sa na rungume shi ina tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ban ji tsoro ba, ban ji baƙin ciki ba. Abin da nake ji kawai shi ne tsakuwa a cikin takalmina na hagu, kuma ban tsaya na cire ta ba.

Da aka buga ƙararrawa na kwance ɗankwalin na ajiye kwanon a tebur. Duk 'yan Rikoto sun gane shi, don ba wanda bai san Mama tana zuba wa Baba tuwo ba. Tun Malam bai taɓa ba Ɗanladi ya miƙe ya haye matakin sama, ya ce lalle tuwo ne, hujjarsa kuwa duk unguwa ta sani. Aka yi dariya. Malam Bawa ya sa hannu ya ɗaga. Na ga hannun nasa ya yi sama da sauri, irin yadda nawa ya yi da safe. Ya tsaya. Ya ɗan girgiza, ba ƙara. Ya ba 'yan gaba suka sansana, suka ce sabulu suke ji. Hadiza ta ce wataƙila auduga ce, wani ya ce wataƙila gashin kaza ne, suna ta zuba Turanci, kowa yana murna ya samu matakin tsakiya. Malam bai gyara wa kowa ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya mayar da kwanon a hankali, ya dube ni ta saman tabarau ya ce da Hausa, "Rifkatu, yau ba sai an buɗe ba. Mayar da shi gida yadda kika kawo shi." Yara suka yi ta ƙorafi an hana su rabo. Ya ce a fito da littafin karatu, ya ɗora ɗankwalin a kan kwanon da kansa. Na zauna na yi karatu tare da kowa, har aka tashe ni na karanta sakin layi guda ban yi kuskure ba.

Da na dawo gida na tarar da Mama da Kaka sun yi shirin gona, ba fartanya, ba kwando. Mama ta karɓi kwanon ta kwance, ta ɗaga murfin a gabana ba wani jinkiri. A wanke yake tas, a bushe, har ina ganin inda fentin gindinsa ya ƙoƙe. Ta ce mutumin jiya yana wurin lokacin da aka buɗe musu wuta a bakin wani kogi, ya ga Baba ya faɗi cikin ruwa, ya ga ruwan ya tafi da shi. Gawa dai ba wanda ya gani. "Ba ni da tabbas, Rifkatu," in ji ta, "amma hannuna ya ƙi zubawa." Muka tafi gona mu huɗu, Saratu a baya tana tsinkar furen ciyawa. Kakanninmu tukwane suke ɗorawa a kan kabarin mutum don a san inda yake kwance. Mu 'yan coci ne, mun bar wannan, kuma ko da ba mu bari ba, kabarin babu. Kaka ta karɓi kwanon, ta kife shi a gindin ɗorawar da take iyakar gonarmu, ta tura murfin a ƙarƙashi, ta ɗora dutse a kai. Ta yi 'yar magana da C'lela, ta kira Baba da sunansa na yarinta. Mama ta yi addu'a gajeriya. Tsuntsaye suna ta sauka a kan dawa, na ɗauki gwangwanina na kore su, tunda na riga na zo.

Ban yi kuka ranar ba, ban yi ba ranar da aka yi sujadar tunawa da shi a coci, har wata gwaggona ta ce zuciyar yarinyar nan dutse ce. Ba dutse ba ce, babu komai ne a cikinta. Mutane suka samu gaisuwar da za su yi mana, aka yi ta ya haƙuri, ya haƙuri, na ga kamar su ma sun huta. Abin da ya fi damuna a makonnin nan, kuma na daɗe ina jin nauyin faɗinsa, shi ne babu ɗumame da safe. Sai kunu. Malam Bawa bai taɓa tayar mini da maganar ba. Laraba ta gaba wani ya kawo goruba, aka yi wasa aka yi dariya, ni ma na faɗi nawa zaton. Tsanin yana gefen allo har muka gama aji shida.

Yanzu ina da gidana a nan Zuru, ina ɗinki a bakin kasuwa. Mama ta tsufa, Kaka ta daɗe da rasuwa, mangwaron Baba ya rufe rabin tsakar gida, jikoki suna hawa ana korarsu. Yaran unguwarmu har gobe kaki suke sawa, sai dai yanzu akwai waya. In ta yi kwana biyu ba ta shiga, uwa ta rikice, kafin mako kuma labari ya iso, mai daɗi ko marar daɗi, wani lokaci har da hoto. Ba a cika samun gidan da zai yi shekaru a tsakiyar tsani ba, kuma ba na yi wa kowa fatan haka. Kwanan baya 'yata ta zo da aikin gida a kan kalmomin nan, ta ce in gaya mata bambancin must da might. Na ɗauko kwano na rufe na ajiye a gabanta, na ce me kika gani, me kika ji, ta yi ta dariya tana cewa na zama malama. Ban gaya mata sauran ba. Nakan je gona lokacin girbi, kwanon yana nan a gindin ɗorawa, tsatsa ta cinye furen, dutsen ya nutse a ƙasa. In na tuna Baba ba fuskarsa nake fara gani ba, hanyar nan ta bayan coci nake gani, da ni a cikinta rungume da ɗankwali, lokacin da nake da uba muddin ban ɗaga murfi ba. Da za a mayar da ni, da na ƙara rage sauri. Har yau in aka miƙo mini kwano a rufe, sai na auna nauyinsa a hannu kafin in buɗe.